Lissafin Malam a Kan Watan Zuhal

A shekarun farko na 'yancin kai, mijina yana koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi, shi ne kuma mai gyaran rediyon unguwa. Idan aka kawo kuka cewa tashoshin nesa suna ɓacewa da rana tsaka, sai ya ce ba laifin akwatin ba ne. Can sama akwai shimfiɗar iska da hasken rana ke cikawa da lantarki, ita ke maido da muryar rediyo ƙasa, kuma tana sauyawa da tafiyar rana.

Wata ranar Lahadi ya karanta a mujallar Faransanci cewa duniyar Zuhal tana da wani wata mai iska kewaye da shi. Ya ajiye ludayin fura.

"To shi ma dole yana da irin wannan shimfiɗa," in ji shi.

Na ce, "Malam, wa ya je ya gani?"

"Ba kowa. Amma ana iya lissafa ta."

Hutun damina kaf ya ƙare a kai. Ya dawo daga gona, ya wanke hannu, ya zauna da alƙalami: nisan rana, nauyin iskar, tsananin sanyi. Da takardu suka yi yawa, ni na ɗinke masa su da allura da zare. Maƙwabciyarmu, 'yar bori, ta ji ana zancen iskar wata, ta zo tana tambayar sunanta da abin da take so a yanka mata.

Da aka koma lakwal, wani Bature mai duba malamai ya zo daga Dosso, ya tarar da lissafin a allo. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya roƙi takardun ya aika wa wani masani a ƙasarsu.

Bayan watanni amsa ta iso. Masanin ya ce hanyar daidai take, sai wuri ɗaya da Malam ya zurfafa sanyin. Kwana bakwai Malam yana gardama da wasiƙar, ran na takwas ya ce, "Yana da gaskiya," ya gyara.

Na sa ya karanta mini ita da Hausa sau biyu. A saman wasiƙar masanin ya kira shi "abokin aiki". Ranar na yanka zakara, na kira maƙwabta.