Ƙullin da Na Kwance a Gaban Likita

Mun bar Ashige ana idar da sallar asuba, ni da babban ɗana, wanda ba na kiran sunansa. Wata biyar yana fama da ciki. Da ya ci abinci sai ƙirji ya ɗau zafi, ya jiƙa kanwa ya sha, ya ce olsa ce, kowa ma yana da ita. Ranar da matarsa ta raɗa mini cewa bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, ban yi shawara da kowa ba. Na ce gobe sai asibiti a garin Lafiya.

Motar ta cika da doya da mutane, har da wata mai kai gishirin Keana kasuwa. Kuɗin mota ya ninka na bara, amma ramukan hanya suna nan yadda na bar su. Duk ramin da muka faɗa sai ya dafe ciki, in na dube shi ya saki, ya kama kallon gonaki.

A tasha ƙamshin soyayyar doya da yaji ya tare mu. Na ga ƙafarsa ta karkata wajen mai suya. Kallo ɗaya na yi masa, ya miƙe hanya. Kunu na saya masa, ya sha yana ɓata rai kamar ba magidanci mai 'ya'ya huɗu ba.

Asibitin cike yake. Kowa da yarensa, Eggon, Alago, Tibi, Fulani, amma a layin kati duk Hausa ake yi. Sai bayan azahar aka kira mu. Likitar yarinya ce, ba ta kai autata ba, amma ta iya tambaya. Ta ce wane magani yake sha.

"Ba komai, likita. Sai farin nan na olsa."

"Ƙarya yake yi," na ce.

"Haba Inna."

Na kwance ƙullin da ke bakin zanena, na juye mata a kan tebur. Ban yi boko ba, ban san abin da aka rubuta a jikinsu ba. Amma tun farkon damina, duk ɓawon maganin da ya yar a bayan ɗaki ko hanyar gona, sai na tsince na adana. Shi gani yake shara nake yi.

Ta dinga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu jan baya gefe guda, suka yi tsibi. Maganin ciwon jiki ne da yake saya a kemis, ya haɗiyi biyu da sassafe ciki ba komai, kafin ya tafi tada kunyar doya. Ta ce wannan ne yake cin cikinsa har ya fara zubar da jini, kanwa kuwa lallashi kawai take yi. Shi bai taɓa lissafa shi cikin magani ba, wai ai na ƙarfi ne.

Aka ɗebi jininsa, aka ce ya yi ƙasa amma bai kai a kwantar da shi ba. Ta rubuta ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, da na ƙarin jini, ta ce mu dawo bayan sati biyu. Na sa mai ba da magani ya maimaita mini sau uku, har na riƙe kowanne da kalarsa.

Mun iso gida kafin magariba. A ƙofar gida ya tsaya, ya laluba aljihu, ya miƙo mini sauran jajayen guda shida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, likita ba ta ganin abin da ba a kai mata ba, mara lafiya kuma ba ya faɗin duka. Yau kwana tara yana cin tuwo ba ya neman kanwa. Maganin yana ɗakina, ni nake ba shi da hannuna, ɓawon kuma yana komawa bakin zanena.