Musayar Aksul

Bazara ce, irin wadda zafinta ke hana kaji fitowa daga ƙarƙashin rumbu. Shekarar ta zo mana da nauyi. Daminar da ta wuce ba ta yi auki ba, gonaki sun gaji, duk inda ka zauna a ƙauyen zancen taki ake yi.

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa tunda shi ne na fari, yana da wata tsohuwar mota mai shan gas, doguwa, mai nauyi, irin wadda a da sai manyan alhazan birni. Kujerunta na fata ne, duk sun tsattsage. Da ita yake kai mutane da kaya kasuwar Ɗambatta, da ita yake riƙe iyalinsa a gabana. Sai aksul ɗinta ya lalace, wato ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, mai juya su. Ya je birni ya sayo wani da aka ciro daga ƙaramar irinta, marar nauyi. A ido duk ɗaya ne. Mai sayarwa ya ce masa wannan ma ya fi gudu, shi kuwa har da murnarsa.

Gudu kam tana yi in ta hau kwalta. To amma mu ba a bakin kwalta muke ba. Tsakaninmu da gona akwai busasshen rafi, yashi zalla, sannan hawa. Ranar da ya loda mata buhunan taki a but da kujerar baya, tana shiga yashin ta tsaya, sai kuka, ƙaurin kuloci har cikin gari. Masu kai taki a jakuna suka zo suka wuce ta.

"Direba, a kawo igiya mu ɗaura ta a jaki?" in ji ɗaya.

"Ku bar Hajiya ta huta," in ji wani, "ba ta saba da warin taki ba."

Da yamma ɗana ya shigo ya zauna a bakin ɗakina. "Inna, injin nan ya gama yawo. Sayar da ita zan yi, in tafi Kudu neman aikin tuƙi."

Na ce, "Ci tuwonka tukuna." Amma ni ban iya cin nawa ba. Na san masu tafiya Kudu, daga baya sai dai muryarsu a waya ranar salla.

A makon na je suna Minjibir. Muna gindin murhu da wata ƙawata ta tun ƙuruciya, take ba ni labarin nata ɗan, mai jigilar fasinja a hanyar Kano da irin motar, amma ƙaramar. Wai tun da ya canja aksul ta daina gudu, a kwalta sai ihu da shan gas, ga ƙarfi kamar bijimin huɗa, ba inda zai kai shi.

Na ajiye ludayi. "Aksul kika ce?"

Da na dawo na faɗa wa ɗana, dariya ya yi. "Inna, ke da mota?"

"Ni da kunne dai. Je ka ka sami ɗan ƙawar tawa."

Sai da na yi ta bi a hankali, yau in faɗa, gobe in yi shiru, kafin ya yarda. Suka haɗu wajen wani bakanike a Ɗambatta, na ce ƙafata ƙafarsa. Bakaniken ya ɗaga bayan motocin biyu, ya shafa alli a jikin farfela, dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga inji, ya sa aka juya tayoyi muna kallo. Farfelar ɗan ƙawata ta fi tamu zagayawa nesa ba kusa ba. Ya ce mota mai nauyi ana yi mata aksul mai ƙarfin tashi, marar nauyi kuma mai sakin gudu, ko da injinsu ɗaya ne. "Kowa ya sa takalmin ɗan'uwansa, shi ke nan. Injinka lafiyarsa ƙalau," ya ce wa ɗana.

Aka kwance, aka musanya. Kafin la'asar mun iso gida, ɗana ya ce a loda takin nan, har da ƙari. Na ce ni ma da ni za a je, na shige gaba na gyara mayafi.

Masu jakuna suna bakin rafin, suka ja gefe don su sha kallo. Ta shiga yashin a giya ɗaya, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, na ji kujera ta tura ni ta baya. Ba ta ko yi tari ba. Ta ratsa, ta kama hawan, ta haye. Ni da ba a jin muryata daga tsakar gida zuwa zaure, sai ji na yi na rangaɗa guɗa ta taga.

"A gaida Hajiya!" in ji masu jakunan. "Ashe da sauranta!"

Ɗana yana ta dukan sitiyari yana dariya. Ya ce, "Inna, Kudu ta yi haƙuri."

Washegari na tashi da wuri na daka fura, na sa mata nono mai kyau da aka kawo daga ruga, na ɗaure ƙwaryar a tsumma, na tari mai babur zuwa Minjibir, don in ji ko tasu ma ta daina ihu.