Wasiƙar neman lambobi

Ƙamshin gyaɗa ne ya cika gidanmu ranar. Inna tana suya za ta yi ƙuli-ƙuli, ni kuma ina zaure da kwamfutar Yayana a cinya.

Yaya ya kafa dogon ƙarfe a bayan gidanmu a Gaya, yana raba wa shaguna da gidaje intanet. Duk wanda ya shiga, sai ya ɗaura masa ɗan faranti a kan rufi. Matsalar ita ce duk mutanensa da lambar intanet ɗaya suke fita duniya, wadda wani babban kamfani ya ara masa. In wani shafi ya yi fushi da mutum ɗaya, sai ya rufe wa kowa ƙofa. Wata makaranta a Ajingi ta ce za ta ba shi aiki, amma sai in ya samu lambobinsa na kansa kafin a dawo daga hutu. Hukumar da ke raba su ga Afirka duka tana can wani tsibiri. Ni aka ba cike takardar roƙon, don ni ce mai Turanci.

Baba ya jawo tabarma ya zauna.

"Uwata, fara da gaisuwa. Ki tambaye su iyali, ki tambaye su damina."

"Baba, a tsakiyar teku fa suke," in ji Yaya.

"To ki yi musu jaje."

Na rubuta. Na ƙara da nawa, yadda kurciyoyi ke sauka a kan ƙarfen da yamma kamar su ma saƙo suke jira. Sai muka iso inda ake tambayar mutum nawa muke da su yanzu, nawa kuma muke sa ran samu baɗi.

Baba ya ɗaure fuska. Shi ko yawan 'ya'yansa bai taɓa faɗa wa baƙo ba, yana tsoron baki.

"Rubuta alhamdu lillahi."

"Na baɗin fa, Baba?"

"Ke kin ga baɗi? Rubuta in Allah ya yarda."

Yaya ya dafe kai, amma a gidanmu ba a musu da Baba a zaure. Haka na aika.

Bayan kwana huɗu wata mata ta amsa. Ta gode da gaisuwa, ta ce lafiya lau suke, kurciyoyin ma sun burge ta, sai dai ba za ta iya raba lambobi ba sai ta san yawan masu amfani da su. Yaya ya daina cin abinci sosai. Hutu kuwa yana ta ƙarewa.

Inna ce ta raba gardamar, tana murza tunkuza, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, wa ya ce a ƙirga mutane? Su ƙirga farantan. Na baɗi kuma ga su can cikin kwali a ɗakin ɗanka, sun hana ni shara."

Baba ya shafa gemu, sannan ya ce baki ba ya kama ƙarfe.

Washegari Yaya ya goya ni a babur, muka zaga Gaya har muka dangana da Toranke, kaina a sama ina ƙirga rufi. Sau biyu ina ɓata lissafi saboda gajimare.

"'Yar boko, faranti aka ce, ba hadari ba," in ji Yaya.

Na aika wa matar lissafin. Lambobin sun iso ana saura kwana biyu a koma makaranta, Yaya ya samu aikinsa. Baba ya ce a nuna masa su. Ya daɗe yana duban ɗan layi guda a fuskar kwamfuta, sannan ya tambaya ko akwai sauran a hanya.

Sai bayan shekaru, ina jami'a, na ji cewa irin lambobin nan sun kusa ƙarewa a duniya tun kafin mu roƙa, sauran nahiyoyi sun riga sun cinye nasu. Ashe ƙanzon gindin tukunya matar nan ta kankaro mana.