Ƙwannafin Malam Inuwa

Aikin farko na yau: kai babur wajen mai gyara.

Ban kai ba. Ina ɗaura takalmi Nasiru ya kira ni, ya ce, "Sani, Baba ya cika." Sai ya kashe wayar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Inuwa, malamina na firamare a Kademi, mahaifin abokina Nasiru. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Na dawo gida na zauna, har yanzu kaina bai daidaita ba.

Duk wanda ya yi ajinsa ya san ƙullin kanwar da ke aljihunsa. Yana cikin koya mana lissafi sai ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya yi gyatsa, ya ce, "Ku yi haƙuri, wutar ce ta taso." Ya lashi kanwa, ya ci gaba. A bayan idonsa Malam Kanwa muke ce masa. Ya sani, bai taɓa dukan kowa a kai ba.

Shi ya ɗauke ni a kekensa zuwa jarrabawar shiga sakandare, don babana yana gona. A ƙofar aji ya zaro biro daga aljihu ya ce, "Riƙe, wannan ba ya faɗuwa jarrabawa."

Ranar aurena ya zo da kaza a hammata.

Ƙwannafi fa. Abin da kowa ke yi in ya ci ƙosai da yaji ya kwanta. Wannan shi ne abin da na kasa ganewa.

Bara tuwo ya fara tsaya masa a maƙogwaro. Ya koma shinkafa, daga nan kunu. Riguna suka yi masa yawa. Ni na matsa aka kai shi asibiti a Kano, ni da Nasiru muka raka shi.

Likitar yarinya ce, ta ce, "Baba, tun yaushe kake wannan ƙwannafin?"

Ya ce, "'Yata, tun ana kashe sule da sisi."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta tambaye shi ko wani ya taɓa irin wannan a gidansu.

Nan ya ba da labarin da ni ban taɓa ji ba. A shekarun sittin, yana saurayi a Gafasa, mahaifinsa ya yi haka. Abinci ya ƙi wucewa, har ruwa sai da cokali. A lokacin ba wanda ya yi zancen asibiti. Aka ce sammu ne, aka ɗora wa wani mutum da suka yi rigima wajen awon gyaɗa. Bayan rasuwar, mutumin ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Malam ya ce shi kuma nasa ƙwannafin ya fara ne yana makarantar horon malamai, farkon shekarun saba'in.

Sai ya ce, "To ni wa ya sammace ni? Ni ban yi faɗa da kowa ba."

Aka zura masa siririn tiyo mai kyamara ta baki. Suka ce ciwon daji ne a hanyar abinci, kuma ya yi nisa.

Na tambayi likitar ko ƙwannafin ne ya jawo. Ta ce ba za ta rantse ba. Ta ce yawancin masu ƙwannafi ba abin da ke samunsu. Amma wanda ya yi shekara da shekaru yana yi, ko haɗiya ta fara yi masa wuya, ko yana ramewa ba dalili, ko ya ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi, wannan kada ya tsaya a kanwa da maganin kemis, ya zo a leƙa cikin. Sai ta dubi Nasiru, wanda tun shigowarmu yake dafe ƙirji, ta ce, "Kai ma fa."

Nasiru tela ne a Gaya. Kwalbar farin maganin olsa tana gefen keken ɗinkinsa kullum, kurɓa yake kamar ruwa. Ya fi shekara goma a haka.

Ganina na ƙarshe da Malam, Juma'ar da ta wuce ne. Yana jingine da matasai, muryarsa ta shige. Ya jira Nasiru ya fita, ya kama hannuna ya ce, "Ka kai ɗan'uwanka a duba shi. Ni ba ya jin tawa. Kai kana da naci."

Na ce to.

Na yi wa Nasiru maganar a ƙofar gida. Ya ce, "Malam Sani, da ƙafarsa Baba ya shiga asibitin nan. Tun da aka zura masa tiyon nan bai sake miƙewa ba. Ni za ka kai? Kai dai akwai ka da son asibiti, kamar kana da kamasho."

Na san ba tiyon ba ne. Ina jin na sani. Amma da ya faɗa, sai na yi masa sallama na tafi. Yau a maƙabarta ma yana tsaye kusa da ni, na ji ya yi gyatsa ya dafe ƙirji. Ban san yaushe ake yi wa mai makoki irin wannan maganar ba. Ban ma san ko daidai ne na rubuta ta a nan ba, don na san zai karanta.

Allah Ya jiƙan Malam Inuwa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Don Allah duk wanda ya ga wannan ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Nasiru.

Gobe, in Allah Ya kai mu:

Aro tabarmi daga masallaci, a kai Kademi.
Sanar da 'yan ajinmu da ba su ji ba.
Tambayo ranar da ake ganin likitar.
Nasiru. Kujera biyu a motar Kano, ko ya yarda ko bai yarda ba.