Malam Habu Inshora ya tafi ban nemi gafararsa ba

Da safen nan ina ƙarƙashin tirela muna duba birki aka kira ni, wai Malam Habu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In shiga mota, in fito, in sake shiga.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne yake yi mana inshora, mu masu mota ɗaya ko biyu a garejinmu na Tudun Wada. Tsohon babur, jaka a rataye, biro a aljihu.

Kafin zuwansa takardar bakin titi muke saye, wadda amfaninta kawai a miƙa wa ɗan sanda. Shi ya zaunar da mu a benci yana karanta mana ƙananan rubutun nan da Hausa. A bakinsa na fara jin cewa inshorar mota daban, ta kayan da ka ɗauko daban. Muka yi ta yi masa tsiya, wai mai sayar da tsoro. Sai ya yi dariya ya ce, “Ku dai ku ɗauki hoto kafin ku taɓa komai.”

Bara ya kira ni sau uku, takardar tirelata za ta ƙare. Na ce sai na dawo daga Legas. Ta ƙare ran Litinin, ran Alhamis mota ta kwanta a Kakau da lodin taki. Allah ya kiyaye rai, amma kan tirelar ya lalace, ruwan sama ya gama da takin.

Na same shi a gida a Unguwar Sanusi. Na ce ya sabunta, ya mayar da kwanan wata baya, kwana huɗu kacal.

Ya ce, “Tanko, wallahi ina jin zafin abin nan. Amma hannuna ba zai rubuta ƙarya ba.”

Ni kuwa ina da baki, kowa ya sani. A ƙofar gidansa, maƙwabta na ji, na ce shekara bakwai yana cin kwamishan a kaina, yau ya nuna mini shi yaron kamfani ne. Bai rama ba. Na sayar da tifata na sallami mai taki, na daina amsa sallamarsa. Laifin nawa ne, na kuma sani tun a ranar. Girman kai ne kawai.

Sati biyu da suka wuce ya iske ni wurin bakanike. Ya rame sosai, na gani, ban tambaya ba.

Ya ce, “Ta tirela saura wata ɗaya. Ko ba a hannuna ba, don Allah ka sabunta.”

Na ce, “Na ji.” Ko kai ban ɗaga ba. A raina na ce in na je sabuntawa sai mu shirya.

Ɗazu a wurin jana'iza ƙaninsa ya miƙe ya ce duk wanda Malam ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, “Mun yafe.” Me zan yafe? Ni ne mai neman yafiya, kuma wanda zan roƙa yana kwance a gabana cikin likkafani.

Ya Allah, bawanka Habu ya ƙi yin ƙarya alhali ƙaryar ta fi masa sauƙi. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka tsaya wa iyalinsa.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a da sunansa. In kun gama, ku saka ni a ciki, Allah ya yafe mini haƙƙinsa.