Sunayen da Na Cire daga Kaset ɗin Kaka

Kakana ɗan majalisa ne a Nijar kafin a haife ni. Ni dai tsoho na sani, mai zama a kan tabarma a ɗakinmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya wuce masallacin lungu. Sojoji ne suka rushe majalisarsu, ya zo Hajji, ya zauna.

Maganarsa ɗaya ce, fadamar garinsu da rijiyarta. Shi ya tsaya a majalisa har gwamnati ta yarda fadamar ta zuriyar waɗanda suka sare dajin ce, makiyaya kuma su shayar ba mai hana su. Aka sa hannu a takarda. Shi bai yarda da takarda ba, sai ya sa aka binne gawayi a kusurwa huɗu na iyakar.

"Takarda gara ke ci, amarya," haka yake ce mini. "Gawayi ba ya ruɓewa."

"Ni ba amaryar tsoho ba ce. Halas, ya isa, mun ji."

Ina shekarar ƙarshe a sakandare wani ɗan ƙanensa ya zo Hajji da mugun labari. Wani babba daga birni ya zo da sabuwar takarda, zai kewaye fadamar da waya. An nemi tsohuwar an rasa. Duk waɗanda suka ga binne gawayin sun rasu sai Kaka. Sarkin yankin ya ce in an kawo shaidarsa za a tona a gani.

Kaka ba shi da halin tafiya. A lokacin kaset muke ɗauka mu ba alhazai su kai gida, kuma ni ke danna rikodar gidanmu. Baƙon na sauri, motarsu za ta tashi daga unguwar Bab Makka bayan la'asar. Ni kuma jarrabawa gare ni washegari.

Kaka ya sa babbar rigarsa, kamar kaset na da ido. Ya yi bismilla, ya fara da wanda ya haƙa rijiyar. Wane ya haifi wane, wane ya gaji wane, kowa da kirarinsa da shekarar farin da ya gani.

"Kaka, yalla, yi sauri! Gawayi aka tambaye ka."

"Kishi kike da kakannina? Bari in gama."

Ban bari ba. Idonsa ba ya gani sosai, sai na kashe rikodar a hankali, na bar shi yana ta zuba wa iska. Mutum goma sha ɗaya ya lissafa har ya iso kansa. Sai da ya ce "kusurwar gabas" na sake kunnawa. Na ɗauki taku nawa ne daga tsamiya, taku nawa daga bakin rijiya, komai tsaf. A ganina na yi wayo. Na miƙa wa baƙon kaset a ƙofa, na koma kan littafina.

Da azumi wata mata 'yar garinsu ta zo umra ta sauka wajenmu. Ta gaya wa Kaka an saurari kaset amma an ƙi shaidar, an ja waya. Ba ta ƙara masa komai ba. Sai a kicin, muna yanka albasa, ta ba mu sauran ni da Inna. Mutanen babban nan sun ce wannan muryar wa? Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya ji Kaka. A can, mai shaidar ƙasa da asalinsa yake farawa, dattawa na bi suna gyaɗa kai, da haka ake gane shi ne kuma yana da bakin magana. Muryar da ta faɗo kan gawayi ba uba ba kaka, ko wa ma zai iya yin ta. Sarki ya hana a tona.

Inna ta dube ni. Na ci gaba da yanka albasa.

Kaka ya kwana biyu bai kira ni amarya ba. Rana ta uku ina ba shi shayi ya riƙe hannuna.

"Sun ji sunan wanda ya haƙa rijiyar, suka ƙi? Sun ji sunan ubana?"

Ni da ba na ɓoye magana, har malamai na kuka da bakina, na ce, "Sun ji, Kaka."

Ya saki hannuna. Daga ranar bai sake ambaton fadama ba, ko an taɓo masa. Kafin wani Hajjin ya zagayo, ya rasu. A nan Jidda aka binne shi, a kabarin da ba suna.

Bayan sadakar bakwai na ɗauko biro in rubuta mutum goma sha ɗayan nan, ko wani alhaji zai kai. Inna ba ta riƙe ba, ita surukarsa ce, Baba kuwa ya riga shi rasuwa. Na zauna har la'asar. Huɗu na iya tunawa, su ma ban tabbata wa ya haifi wa ba.