Kujerar da Dunoma Ya Saya wa Abu

Duk wanda ya zauna a Babura shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ya san Alhaji Dunoma mai gidan burodi. Mutumin Kanya Babba ne, Babarbare, dogo, mai son a gaishe shi da cikakken suna. Shekarar samun 'yancin kai yana tallar burodin Kano a bayan keke, kasuwa-kasuwa har bakin iyaka. Da ya gaji da sayar da na wasu, sai ya gina tanderunsa a bayan tasha, ya sa aka buga masa 'yan takardu masu sunansa da jan rubutu, ana liƙa ɗaya a kan kowane burodi. Takardar nan, wallahi, ya fi kallonta a kan fuskar matarsa Bintu.

A faɗi gaskiya, ba a yi maigida kamarsa ba a garin. Ma'aikatansa bakwai, ba wanda ke yin Sallah da tsohuwar riga. In matar ɗayansu ta haihu, ragon suna daga gidan Dunoma yake fitowa. Ruwa ya sauka, kowa ya tafi shuka, albashinsa na nan. Yakan ce wa Bintu, "Ki ƙosar da gidan ma'aikaci, ki ga in akwai inda za shi."

Cikinsu akwai Abu, mutumin Roni, shi ke kula da tanderu. Gajere ne, ba shi da yawan magana, hannunsa na dama duk tabon wuta. Ba ruwansa da agogo. Zura hannu yake yi cikin tanderun, ya ɗan tsaya, ya ce "da saura" ko ya ce "a zuba". Burodinsa ya fito jawur, cikinsa laushi lugub, ya kwana uku bai bushe ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi Dunoma na zaune a teburin mai shayi, sai ga wani direban babbar mota daga Nijar ya ce, "A yanko mini na Abu. In ba na Abu ba ne, bar shi." Mai shayi ya ɗauko burodin gidan Dunoma, ya ɓare takardar ya yar, ya yanka. Dunoma na kallo direban ya taka sunansa da takalmi. Ya ajiye kofin shayinsa, ya tashi.

Daga ranar kunnensa ya buɗe. Tasha burodin Abu, masallaci burodin Abu. Kai, har Bintu ya ji tana ce wa baƙuwarta, "Ci mana, na Abu ne." Ya shigo yana huci. "Wa ya gina tanderun? Wa ke bin layin fulawa a Kano rana na dukansa? Abu ne?" Kishi ne, ba wani abu ba, kishin mutumin da shi da kansa yake biya albashi. In ya ga Abu na share gumi ma'aikata na yi masa sannu, sai ya ji zuciyarsa na tafasa.

Korarsa kuwa ba za ta yiwu ba. Dunoma ba mugu ba ne, kuma gari zai zage shi. Sai ya yi dabara. Ya sayo kujera mai kushin daga Kano, da agogo, da sabon babur, ya tara ma'aikata ya ce, "Daga yau Malam Abu shi ne shugabanku. Na ƙara masa albashi. Ya sha wuta ya isa, Daudu mai kwaɓi zai karɓi tanderu."

Abu ya dubi kujerar, ya dubi tanderun. "Maigida, wani laifi na yi?"

"Laifi kuma? Girma na ba ka."

Gari ya ɗauka: Alhaji Dunoma ya san darajar ma'aikaci! Shi kuwa har wani daɗi yake ji, don wannan karon sunansa ake kira.

Abu ya zauna cikin farar riga, hannuwa bisa gwiwa. Ranar farko da Daudu zai zuba burodi alhali tanderun bai huce ba, Abu ya zabura zai miƙe. Dunoma ya ɗaga masa hannu. "Zauna, Malam Abu, shugaba ba ya shiga toka." Ya zauna. Ƙauri ya tashi, Abu ya sunkuyar da kai kamar shi ya ƙona. Haka aka yi ta yi, yau ƙonanne, gobe cikinsa ɗanye. Mutane suka fara cewa, "Kai, burodin Dunoma ya lalace." To, suna dai ya dawo hannun mai shi.

Bintu ba ta iya ɓoye magana. "Alhaji, mutumin nan ramewa yake yi. Ka ba shi komai, ka ƙwace abu ɗayan da yake so."

"Ke me kika sani a harkar ma'aikata?"

Wata huɗu aka yi. Ran nan bayan Azahar Abu ya kafe babur a ƙofa, ya ɗora makulli da agogo a kan kujerar, ya durƙusa. "Maigida, na gode, Allah ya saka da alheri. Zan koma Kazaure, wajen wani Lauwali mai ɗan ƙaramin tanderu."

"Nawa ya yi maka? Na ninka!"

"Bai kai naka ba. Amma ni zan riƙa gasawa."

Shekara guda Dunoma yana cije baki. Masu shayin tasha suka koma jiran motar Kazaure mai kawo burodin Abu, ma'aikatansa biyu suka zame. Da abin ya ishe shi, ya haɗiye girman kai ya je Kano, aka buga masa sababbin takardu ƙunshi goma: sunan Abu da manyan baƙaƙe, nasa a ƙasa ɗan mitsitsi. Allah kaɗai ya san yadda ya ji da ya gan su.

Ya tafi Kazaure, ya sami Abu a gindin dutse, bakin tanderu, cikin tsohuwar singileti, ya yi ƙiba, fuska duk toka. Suka gaisa. Dunoma ya zaro takarda ɗaya, ya miƙa masa. "Ka gani? Sunanka ne. Na bar maka. Ka dawo gida."

Abu ya goge hannu, ya karɓa, ya riƙe ta a juye. Ya yi murmushi. "Maigida, ai ni ban yi boko ba. Shekara goma sha ɗaya ina liƙa takardarka, ban taɓa tambayar abin da aka rubuta ba. Na san dai taka ce, kuma ba na so a liƙa ta a kan burodin banza. Yanzu kuwa na riga na yi wa Lauwali alkawari." Ya juya, ya zura hannu cikin tanderun, ya ɗan tsaya, ya ce, "A zuba."

Da Dunoma zai tafi, Abu ya naɗe masa burodi biyu masu zafi, ya ce a kai wa Hajiya Bintu. A mota ƙamshi ya dame shi, ya gutsura, sai ga hawaye. Takardun nan Bintu ta yi shekaru tana hura wuta da su. Kujerar kuwa tana nan a gidan burodin har Dunoma ya rasu, ba wanda ya ƙara zama a kanta.